Hannun Hagun Baba Karamfila

An ce mu mutanen Gabrovo yanke wa kyanwa wutsiya muke yi don ƙofa ta yi saurin rufuwa, kada ɗumin ɗaki ya bi ta waje. Sharrin maƙwabta ne, almubazzaran da ba su san tattali ba. Sai dai duk mai son ƙaryata zancen kada ya kuskura ya kai baƙonsa gidan tsohuwar nan Baba Karamfila, can saman tudu inda kwalta ta ƙare. Yana iya tarar da ita durƙushe ƙarƙashin tebur, da shekarunta saba'in da 'yan kai, tana laluben guntun wayar da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. In ta same shi sai ta hure masa ƙura ta jefa cikin gwangwanin shayi, inda 'yan'uwansa suka daɗe suna jiran ranar amfaninsu.

Sana'arta naɗi ce. A cikin tsohon rediyo mai akwatin katako, irin mai kwalabe wanda sai ya yi ɗumi yake buɗe baki, akwai wasu 'yan gwangwanaye na alminiyom a tsaye. Masu gyara suna ce musu taransifoman tsakiya. In ka zare gwangwanin za ka ga siririn bututu, a jikinsa naɗin waya biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Ba sa taɓa juna, amma ɗaya ne ke miƙa wa ɗaya murya, kuma su ne rariyar da ke tace tasha guda daga hayaniyar duniya. In danshi ya ci su, rediyo ya zama teburin ɗora hoton aure ke nan, ga shi an daina yin su tun kafin a haifi rabin mutanen garin. Shi ya sa masu son jin muryar rediyon iyayensu suke ƙarewa a wurinta.

Wayar aikin ba ɗaya ba ce. Silalla ne da yawa, kowanne ya fi gashin kai siranta, aka murɗe su wuri ɗaya aka lulluɓe da siliki. Sili ɗaya ya tsinke, ko dalma ta ƙi kama shi, rediyo zai yi magana amma kamar mai fama da mura. Takan ɗora bakin wayar a kan ƙwayar asfirin ta danna da ƙarfen dalma mai zafi har fentin silallan ya narke, hayaƙin yana sa ta tari tana zaginsa. In ta gama naɗi sai ta tsoma shi cikin narkakken kakin zuma, wanda take samu daga guntayen kyandir ɗin coci a hannun matar da ke shara. Shi ma sai ta gatsa da haƙori tukuna, don kyandir ɗin zamani algus ya yi masa yawa.

Bahaguwa aka haife ta, kuma a zamaninsu wannan ba abin faɗa ba ne. Kakarta ta ce hannun Shaiɗan ne, ta riƙa buge shi da ludayin katako duk lokacin da ya nufi kwano. Da ta shiga makaranta malamar ajinsu ta ɗaure mata shi da ɗankwali a jikin kujera har sai da dama ta koyi riƙe alƙalami. Ta girma ta shiga masana'antar kayan rediyo da ke bakin kogi, inda mata suke jere a dogon ɗaki kowacce da keken naɗinta, kuma kowane keke mariƙinsa a dama yake. Ba wanda ya tambaye ta, ita ma ba ta ce komai ba. Shekara talatin da ɗoriya dama tana juya mariƙi, hagu tana riƙe da waya tsakanin yatsu biyu, har aka manna hotonta a allon gwanaye da ke bakin ƙofa.

Da ta haifi 'yarta Nevena, yarinya ta tashi tana kai hannun hagu ga cokali. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Karamfila ta ɗauko ludayi ita ma. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, gani take gara ta buge hannun a gida da a ɗaure shi a gaban 'yan aji. Nevena ta koyi rubutu da dama, rubutu kamar tsakurar kaji, kuma har ta girma ba su taɓa tayar da zancen ba.

Masana'anta ta rufe kamar yadda sauran suka rufe. Mijinta Stanyo, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ba ya iya ganin ƙarfe a yashe ya wuce. Ya tattara kan tsohon keken ɗinki na hannu da haƙoran wani mataccen agogon bango ya haɗa mata keken naɗi, ya ɗaure shi da kusoshi a teburin bakin taga. Daga nan aiki ya dawo gida. Bayan rasuwarsa sai ya rage ita da Minko, wanda ake ce wa Bai Minko don girmamawa, tsohon mai saita rediyo na masana'antar, wanda ke da ɗan shago bayan kasuwa. Shi ke karɓar aiki, shi ke haɗawa da saitawa, ita ke naɗi. Duk sati zai hauro tudun yana haki, gwangwani a aljihun kwat.

"Fila! Kina raye?" Haka yake sallama tun daga bakin ƙofa.

"Ina zan mutu da wannan tsadar akwatin gawa? Shigo ka rufe min ƙofa, ba titi nake ɗumamawa ba."

"To sa kofi."

"Na jiya yana nan, ban zubar ba."

A damunar ƙanƙarar bara ne ta zame a bakin ƙofa ta kwanta har sai da maƙwabciya ta gan ta. Ba ta karye ba, amma Nevena, wadda ke aiki a kantin magani a birnin Varna da ke bakin teku, ta zo a fusace da niyyar kwashe ta gaba ɗaya. Ta riga ta gyara mata ɗaki a bene hawa na huɗu, mai taga tana kallon teku. Aka yi ta ja-in-ja har Karamfila ta gaji ta ɗora hannu a kan keken Stanyo.

"Ji nan, Nevena. Muddin ina naɗi, ina gidana. Ranar da na kasa, zo da motarki, ko tari ba zan yi ba."

"Kin yi alkawari, Mamo?"

"Na yi. Minko shaida ne."

Nevena kuwa mace ce mai auna magana kamar yadda take auna magani. Ba ta sake tayar da zancen ba, kuma kowa ya san ba mantawa ta yi ba.

To tun faɗuwar ganye hannun dama ya fara rawa. Da fari ɗan yatsa ne kawai ke motsi in ta zauna shiru, sai ta danne shi da ɗayan hannun ta ce sanyi ne. Kafin ƙanƙara ta narke abin ya kai ga wuyan hannu. Kofi ya fara zuba a faranti. Ta koma sa rigar girki mai babban aljihu, in Minko ya zo hannun yana ciki kamar mai ɓoye goro. Ba ta je wurin likita ba, don likitan unguwar tare suka yi makaranta da Nevena, kuma bakinsa ba shi da marfi.

Ana saura 'yan kwanaki Tsvetnitsa, Lahadin furanni, ranar sunan duk wanda aka raɗa wa sunan fure irin Karamfila, Minko ya kawo aiki. Rediyon wani tsohon direban jirgin ƙasa ne daga garin Tryavna, na mahaifinsa, yana so ya ji shi yana magana ranar Ista. Taransifoma ɗaya ta ruɓe ƙurmus, sai an sake naɗin duka biyun.

Ta fara da na ƙasa. Keken naɗi yana son hannu mai tafiya ɗaya kamar mai kaɗa nono, shi kuwa hannunta sai ya tafi lafiya lau sannan ya fizga. Waya ta tsinke. Ta warware ta sake, ta kuma tsinkewa. Ita da ba ta yarda da asarar guntu, yau ga siliki a zube a cinyarta kamar an yi wa tsohuwa aski. Da ƙyar da jiɓin goshi ta kai naɗin ƙarshe wajen la'asar, haƙoranta a cije, ta ɗaure bakinsa da jan zare. Ya yi kyau, ba mai cewa wani abu. Amma da ta tashi cin abinci cokali ya gagare ta.

Washegari da safe ta zauna ta kama mariƙi don naɗin sama, hannun ya ce bai san zancen ba. Rawa yake har keken yana ƙara. Ta sake shi ta zuba masa ido a kan tebur, tana jin haushinsa kamar jakin da ya kwanta a tsakiyar hanya. Sannan tsoro ya shige ta sosai. Ta hango kanta a hawa na huɗu, an zaunar da ita gaban taga da bargo a gwiwa tana kallon ruwan da ba ta taɓa sha'awa ba, ba warin dalma, ba Minko da surutunsa, keken Stanyo kuwa an sayar wa 'yan gwangwan. Ta daɗe a haka har rana ta hau kan teburin.

Wani kwarkwaron waya ya gangaro zai faɗi ƙasa. Kafin ta yi tunani hagu ta cafe shi a iska, caraf. Ta dubi hannun. Ko gezau ba ya yi.

Sai da ta tashi ta ja labule tukuna, tsohuwa ita kaɗai a gidanta, kamar mai shirin satar nama a tukunya. Ta kwance kusoshin Stanyo, ta juya keken gaba ɗaya mariƙi ya koma hagu, ta sake ɗaurewa. Saura mai riƙe waya, tunda dama ba za ta iya ba. Ta ɗauko maƙalar shanya ta katako, ta yanko ɗan ƙyalle daga tsohuwar hular ulun Stanyo ta liƙa a bakinta, ta ratsa wayar ta ciki. Ta maida bututu, ta kama mariƙi da hagu.

Abin ya tafi kamar ruwa a kwararo. Waya tana hawa tana giftawa, saƙa tana tashi daidai wa daida, hannun da aka buge aka ɗaure yana tafiya kamar jiya ya bar aikin. Daɗi ya cika ta har ta ji tana raira wata waƙar da matan masana'anta suke yi, ga kunya kuma tana cin ta, ita kanta ba ta san ta wa take ji ba. Kafin azahar ta gama, ta yi dalma da hagu, ta tsoma a kaki, ta rufe gwangwani. Ta juya keken ya koma yadda yake, ta buɗe labule. Da Minko ya zo karɓa ya tarar da ita zaune, hannu a aljihu.

Abu ɗaya ne bai zo mata a rai ba. Ƙa'idar aikin ita ce naɗin biyu su bi hanya ɗaya. Ta san wannan tun tana budurwa, amma duk tsawon rayuwarta keke ne ke tuna mata, tunda hanya ɗaya ya sani. Da ta juya shi, kan bututun ya koma inda gindinsa yake, naɗin sama ya bi ta bayan na ƙasa.

Nevena ta iso ranar Asabar da kifi a cikin ƙanƙara, don ita ma ranar sunanta ce, sunanta na wani furen lokacin kaka ne. Karamfila ta sha wahalar kwana biyun nan. Ta bar wa 'yarta girki da sunan gajiya, ta ƙi miya ta ce burodi ya ishe ta, a coci kuma ta damƙe rassan da aka rarraba da hannu biyu don kada a ga suna kaɗawa. Ranar suna ba a gayyatar kowa, ƙofa ake bari a buɗe. Maƙwabta suka yi ta shigowa da furanni, rabinsu daga lambun juna aka tsinko su, ana ci ana addu'ar tsawon rai, tana karɓar gaisuwa da ka.

Sai da mutane suka ragu Minko ya bayyana, yana turo tsohon keken jarirai, rediyon direba a kwance ciki an rufa masa bargo.

"Bai Minko, a waɗannan shekarun aka yi haihuwa ba a faɗa mana ba?" in ji Nevena daga ƙofar kicin.

"Ke dai bari, 'yar nan. Ya ƙi kuka ne na kawo shi wurin ungozoma. Allah ya ja da ran masu suna! Fila, zo ki ga wani abu."

Ya kai rediyon ɗakin aiki ya tura ƙofa. Ya kunna, suka jira kwalabe suka yi ja. Murya ta fito can ƙasa-ƙasa kamar daga cikin rijiya. Ya murɗa har ƙarshe, ba ta ƙaru ba.

"Kwana biyu ina zargin kaina," ya ce a hankali. "Na canza kwalba, na bi kowace dalma, na saita har sukundireba ta gaji da ni. Ko a mafarki ban zargi aikinki ba. Yau da safe dai na zare gwangwanin na sa gilashi." Ya kashe rediyon ya ɗaga gwangwanin, wanda dama bai ɗaure ba. "Duba. Na ƙasa ya bi nan, na sama ya bi can. Sun juya wa juna baya kamar miji da mata da suka kwana da faɗa."

Ta duba. Ba ta ma buƙatar gilashi.

"Keken Stanyo ba ya tafiya da baya," in ji Minko. "Sai in an juya shi." Ya shafa teburin inda kusoshi suka bar sabon tabo, sannan ya dubi aljihun rigarta, wanda ke motsi kamar an sa ɗan tsako a ciki. "Tun yaushe, Fila?"

"Tun faɗuwar ganye."

"Kuma kika bar ni ina shan kofin jiya ban sani ba."

Ya ja kujera ya zauna. Shi ne shaidar alkawari, ya san abin da ke jira a kicin. Ya rage murya.

"Saurara. Bakin waya biyu ne kawai. In sauya musu wuri, na nan ya koma can, in ɗiga dalma in rufe gwangwani. Ba mai buɗe shi sai tashin ƙiyama."

"Zai yi magana?"

"Zai yi. Ba kamar naki na da ba, amma wa zai gane? Direban jirgi ne fa, kunnensa ya sha ƙara. A bar kaza cikin gashinta. Ki ci gaba da juya kekenki in ba kowa, ni kuwa makaho ne."

Ta so ta ce to. Har ga Allah ta so. Ɗigon dalma biyu, Nevena ta koma Varna gobe, gida ya zauna lafiya har wata shekara. Tana cikin wannan aka turo ƙofa da ƙafa.

"Me kuke ƙus-ƙus kamar masu haɗa aure?" Nevena ce, da faranti a hannu da guntun burodin biki a kai, tana yanka wa Minko rabonsa a tsaye. Wuƙar tana hannun hagu. Ta ɗago suka haɗa ido da uwarta, sai wuƙa ta koma dama a take, ba tare da ta ma san ta yi ba, mace mai shekara hamsin da furfura a gefen kai.

Karamfila ta ga wannan sau ba adadi. Yau ne ya soke ta. Kwana biyu kawai ta yi tana ɓoyon hannu a gaban 'yarta ta ji kamar ranta zai fita, ita kuwa yarinyar nan tun tana rarrafe take yi.

Ta zaro hannun daga aljihu ta ɗora a kan tebur. Ya yi ta rawa a gabansu, zoben aurenta yana buga katako.

"Ga shi nan," ta ce.

Nevena ta ajiye farantin. "Na sani, Mamo. Tun jiya da kika ce ba kya son miyar wake. Ke? A kantin magani fa nake aiki." Ta dubi hannun. "Tun a wayar tarho ma na yi zargi, da na ji kina sa ta a kafaɗa. Babbar jakar kwashe kayanki tana bayan mota. Jira nake baƙi su watse."

"Alkawari yana nan, ban janye ba. Amma zauna ki gani da idonki tukuna, sannan ki yanke. Abin da kika ce shi za a yi. Minko, cire min bututun nan, ka juya keken."

"Fila, ai da kin bari na..."

"Faci a cikin gwangwanina? Ka taɓa gani? Juya keke, malam, ka bar labulen nan a buɗe."

Ya juya ya ɗaure. Ta kara bututun kusa da ƙarfen dalma har kakin naɗin ƙasa ya yi laushi, ta tsinke jan zaren, ta kama bakin waya. Minko ya riƙe mata hannu.

"Wannan ne fa na ƙarshe da hannun damarki ya yi. Ki bar shi, in samo wani bututun. Ki ajiye shi ko a kan kabad."

"Waya mai kyau haka, a ajiye ta ta yi me? Kai ba ɗan garin nan ba ne?"

Ta faɗa da wasa, amma da ta fara warwarewa idonta ya kawo ruwa, ba ta kuma share ba. Zagaye bayan zagaye aikin yinin nan na azaba ya sauka ya koma kan kwarkwaro, har bututun ya rage da naɗin sama kaɗai. Ta ratsa wayar cikin maƙalar shanya, ta kama mariƙi da hagu ta fara. Ba a je ko'ina ba waya ta cije. Kakin da ke jikinta yana liƙewa a ƙyallen hular, ta ja ta saki, ta ja ta saki. In aka ci gaba a haka tsinkewa za ta yi. Ta tsaya.

"Maƙalar ba za ta yi ba," in ji Minko. "Sai yatsu. Nawa kuwa kin san su, kamar tsiran alade."

Nevena ta tashi. Ta jawo kujera ta zauna gefen uwarta, ta cire wayar daga maƙalar, ta miƙo hannun dama.

"Ba wannan ba, 'yata," in ji Karamfila. "Kawo ɗayan."

Nevena ta dube ta. Sannan ta janye dama ta ɗora a cinya, ta kama wayar da hagu tsakanin babban yatsa da manuni.

"Kada ki matse. Ki ji ta kawai tana wucewa, kamar kina zare gashi daga cikin kullu. Yauwa. Haka."

Keke ya tashi. Ana jin ƙarar haƙoran agogon Stanyo da hayaniyar yara can ƙasan tudu. Saƙa ta hau lafiya lau, ta bi hanyar 'yar'uwarta ta sama. Da aka kai ƙarshe Karamfila ta ɗaure da jan zare, ta sa asfirin, hayaƙi ya turnuƙe su ukun suka yi ta tari, Nevena tana cewa a duk karatunta ba a taɓa gaya mata wannan amfanin ba. Aka tsoma a kaki, Minko ya haɗa ya rufe gwangwani, ya kunna, ya zura 'yar sukundirebarsa yana juyawa kaɗan-kaɗan, kunne a jikin akwati.

Muryar ta taso daga rijiyar tana matsowa, sai ga ta ta cika ɗakin har gilashin taga yana amsawa. Wata mata ce ke karanta gaisuwar masu suna, tana jero furanni ɗaya bayan ɗaya. Minko ya rage ƙara, ya ɗauki burodinsa ya fita tsakar gida, wai zai duba ko tayar keken jariran ta sace.

Karamfila ta dubi 'yarta. Ta zauna tana jira, dama tana rawa a kan tebur a fili.

"Gobe da safe za mu je wurin likita," in ji Nevena. "Ba na unguwa ba, na asibiti. Akwai magani, ba ya warkarwa amma yana rage rawar, da tuni kin fara. Za a sa ƙarfen dafawa a bakin ƙofa. Kuma duk ranar da na kira, gaskiya za ki faɗa min, ko ba daɗi."

"Jakar fa?"

"Kina da kwalaben barkono a ɗakin ƙasa da suka fi ƙarfin cikinki. Da su za ta koma, ba da kayanki ba."

Karamfila ta sauke numfashi. Ta kamo hannun hagun 'yarta ta juya tafinsa sama. Waya ta bar ɗan jan layi a kan manuni, da ƙyallin kaki. Ta shafa wurin da babban yatsanta, daidai inda ludayi yake sauka a da.

"Da na bar miki shi," ta ce.

"Ai bai manta ba, Mamo," in ji Nevena. "Naki ma haka."

Da yamma kafin Minko ya tura jaririnsa gida, Karamfila ta sa shi ya ƙara wa kusoshin keken ƙarfi, mariƙi a hagu, ya toshe tsoffin ramukan da guntun kyandir.